Zira'i Bakwai da Ma'aunin Injiniya: Matsalar Faɗin Hanya a Tsofaffin Birane da Ƙauyuka

1.0 Gabatarwa

Musabbabin wannan maƙala wata 'yar fassara ce. A 'yan shekarun baya, a nan Kudu inda aiki ya kawo ni, an nemi in mayar da wata sanarwar hukuma zuwa Hausa domin a karanta wa mazauna wata unguwar Hausawa. Sanarwar ta ƙunshi hanyoyi iri huɗu, kowace da faɗin da aka yanka mata da kuma tazarar da mai gini zai bari tsakaninsa da ita. Da na gama na sake dubawa, sai na tarar duka huɗun na kira su "hanya" ko "titi", ina ta jingina musu "babba" da "matsakaiciya" da "ƙarama". Abin da ya fi ɗaure mini kai kuwa shi ne, hanyar da mutanen unguwar suka fi bi safe da yamma, watau lungu, ba ta da gurbi a takardar ko kaɗan. Mafi ƙanƙantar hanyar da takardar ta sani ta ninka lungun ƙofar gidanmu sau uku ko fiye.

Wannan ya sa na shiga bin diddigin inda waɗannan alƙaluma suka samo asali. Maƙalar za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda ake yanke faɗin hanya, da abin da kan faru idan aka ɗora ma'aunin da aka yi domin fili fetal a kan garin da ya riga mota zuwa duniya. Birnin Kano shi ne babban abin misali. Za a kuma nuna cewa sassauta ma'auni abu ne da wasu ƙasashe suka daɗe da yi cikin doka, kuma akwai wani ɓangare na aikin da ya faɗo a hannun masana harshe.

2.0 Kalmomin Hanya a Hausa

Hausa ba ta da talaucin kalmomi a wannan fage. "Hanya" ita ce uwa, kowace iri tana shiga ƙarƙashinta. "Turba" da "tafarki" sun fi yawa yanzu a ma'ana ta aro, kamar turbar dimokuraɗiyya ko tafarkin addini, ko da yake a karkara turba na nan da ma'anarta ta hanyar da sawu ya fitar. "Gwadabe" babbar hanya ce shararriya, irin wadda ayari ke bi daga gari zuwa gari. "Burtali" hanyar dabbobi ce da ke ratsa tsakanin gonaki, galibi da shinge dama da hagu. A cikin gari kuma akwai "lungu" da "kwararo". Lungu na ɗauke da ma'anar saƙo da ɓuya, shi ya sa ake cewa an duba lungu da saƙo, kuma yana iya zama wanda ba ya ɓullewa. Kwararo kuwa matsattsiyar hanya ce tsakanin katangu wadda ake bi a wuce, kamar yadda ake cewa wane na yawo kwararo-kwararo.

"Titi" da "layi" baƙi ne. Ta farko ta shigo ne ta bakin Yarbawa, waɗanda su ma suka aro ta daga kalmar Ingilishi street, ta biyun kuwa daga line take. Dukkansu sun zo ne tare da mota da safiyo.

Abin lura a nan shi ne, kalmomin asali ba lamba ce ta bambanta su ba. Abin da ya bambanta su shi ne wanda ke bi: ayari ne, ko garke, ko jaki da mangala, ko mutum da ƙafarsa. Haka nan ma'aunan da Bahaushe ya saba da su, kamu da gaba da taku da zira'i, daga jikin ɗan Adam aka ciro su. Wannan tunani na auna hanya da mai bin ta shi ne ginshiƙin tsohon tsari, kuma za mu ga cewa shi ne ma ginshiƙin sabon, sai dai an manta.

3.0 Ma'auni Biyu

3.1 Zira'i Bakwai

Kuskure ne a ɗauka cewa tsofaffin biranenmu sun tashi ne kara zube, babu wata ƙa'ida. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hukunci da a sanya faɗin hanya zira'i bakwai idan mutane suka yi jayayya a kanta. Malaman fiƙihu, musamman na mazhabar Malikiyya, sun gina hukunce-hukunce masu yawa a kan wannan. Fitaccen littafi a fannin shi ne Kitab al-I'ilan bi Ahkam al-Bunyan na Ibn al-Rami, wani magini da ya yi aiki tare da alƙalan birnin Tunis a ƙarni na 14. Besim Hakim, a nazarin da ya buga a 1986 kan tsarin tsohon birnin Tunis, ya ƙiyasta zira'i bakwai da mita 3.23 zuwa 3.50, ya kuma nuna cewa wannan shi ne faɗin da raƙuma biyu ɗauke da kaya za su gifta juna ba tare da sun gogi katanga ba. Akwai kuma ma'auni na sama, domin duk abin da za a gina ya haye hanya dole ya bar tsawon da raƙumi da kayansa za su shige. Lungun da ba ya ɓullewa kuwa hukuncinsa daban ne. Faɗinsa kimanin zira'i huɗu ne, watau dab da mita 2, kuma mallakar haɗin gwiwa ce ta masu ƙofofi a cikinsa.

Waɗannan hukunce-hukunce ba a Magrib kaɗai suka tsaya ba. Hakim da Zubair Ahmed sun nuna a wata maƙala ta 2006 cewa malaman Daular Sakkwato a ƙarni na 19, cikinsu har da Alƙalin Gwandu Idris ɗan Khalid, sun yi rubutu kan irin waɗannan mas'aloli na hanya da katanga da magudanar ruwa da cutar da maƙwabci.

Ba ana nufin an ja igiya an auna kowane lungu kafin a yi gini ba. Hukuncin na lokacin saɓani ne, kuma malamai sun bayyana cewa hanyar da ta riga ta fi haka faɗi ba a rage ta da hujjar zira'i bakwai. Sai dai akwai abubuwa biyu da ya kamata a riƙe. Lambar daga jikin raƙumi da kayansa aka ciro ta, watau mafi girman abin da ke bin hanyar yau da kullum. Sannan tsarin ya san cewa hanyar gari ba iri ɗaya ba ce, ya ba wadda ke zarcewa ma'auninta, ya ba lungu nasa.

3.2 Ma'aunin Injiniya

A manyan hanyoyin Nijeriya, sahun mota ɗaya mita 3.65 ne, wanda ba wani abu ba ne illa ƙafa 12 da aka mayar mita. Sahu biyu sun zama mita 7.3. Idan aka haɗa da gefen da ake bari domin tsayawar mota, wanda injiniyoyi ke kira kafaɗar titi, mita 2.75 kowane ɓangare, an tashi da mita 12.8, tun ba a zo maganar lambatu ba. Mai karatu zai lura cewa babbar hanyar gari ta zira'i bakwai gaba ɗayanta ba ta kai sahun mota ɗaya ba.

Ita ma wannan lamba tana da raƙuminta. Babbar motar kaya faɗinta kimanin mita 2.5 ne, sauran kuwa rara ce da ake bari domin direban da ke gudun kilomita 100 a awa ya sami wurin karkacewa ba tare da ya ci karo da na gefensa ba. A hanyar Kaduna zuwa Zariya babu mai musun hikimar wannan. Matsalar tana tasowa ne sa'ad da lambar ta rabu da dalilinta, ta zama abin da ake kwafowa daga littafi a ɗora wa kowace hanya.

Ma'aunin titunan unguwa kuma tarihinsa daban ne. A Ingila, bayan dokar lafiyar jama'a ta 1875, an fitar da samfurin ƙa'idojin gini a 1877 waɗanda suka nemi sabon titin da keken doki zai bi ya kai ƙafa 36, kimanin mita 11, domin iska da haske su shiga unguwannin ma'aikata da cututtuka suka addaba. Wannan tunani ne Turawan mulkin mallaka suka zo da shi. Dokar garuruwa ta 1917 ta shafi unguwannin Turawa da sababbin unguwanni irin su Sabon Gari, inda aka ja tituna miƙaƙƙu a kan fili, har da ƙa'idar barin yadi 440 babu gini tsakanin mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa. Tsofaffin birane kuwa an bar su a hannun En'e. Daga baya aka yi dokar tsara birane ta 1946, sai kuma doka mai lamba 88 ta 1992. A duk tsawon wannan tarihi, ma'aunan an yi su ne da tunanin wurin da ba a riga an gina ba.

4.0 Birnin Kano

Tarihin Kano ya danganta fara ganuwa ga Sarki Gijimasu (1095–1134), an kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), wanda ya kafa Kasuwar Kurmi, da zamanin Muhammadu Nazaki (1618–1623). Tsarin hanyoyin birnin ya bi wannan ƙashi ne. Manyan hanyoyi sun taso daga ƙofofi sun nufi kasuwa da fada, ƙanana sun ɓalle daga jikinsu sun shiga unguwanni, daga nan sai lunguna da ke ƙarewa a ƙofar gida. Gwargwadon yadda mutum ke nutsawa ciki, gwargwadon yadda hanya ke tsukewa, baƙo kuma ke gane cewa ya fara shiga hurumin wasu. Matsin lungu yana da aikinsa. Yana ba da inuwa a yawancin sa'o'in yini a garin da zafin bazara kan haura digiri 40, yana kuma tsare sirrin gida.

Faɗaɗa hanyoyin birnin ba yau aka fara ba. Tun bayan isowar jirgin ƙasa a 1911 da yawaitar mota, aka riƙa buɗe manyan hanyoyin da suka taso daga ƙofofi. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926–1953) aka huda ganuwa aka yi Sabuwar Ƙofa a 1937. Wannan mataki abin nazari ne, domin ya nuna cewa ana iya yi wa sabuwar buƙata sabuwar mashiga a bar tsofaffin ƙofofi yadda suke. Ba wannan tafarki aka bi ba daga baya. Ƙofofi da dama an rushe su an sake gina su da siminti gwargwadon faɗin titi, wasu daga cikin ƙyamarensu na asali kuwa sai a Gidan Makama ake ganin su. A 2007 aka shigar da ganuwar Kano da wuraren da ke tare da ita cikin jerin share fage na wuraren tarihi na hukumar UNESCO. Shekara uku bayan haka, a 2010, aka rushe Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi.

Ƙofa takan sami masu yi mata kuka a jarida. Asarar da ba a cika magana a kanta ba ita ce ta cikin unguwa. Mu ɗauka akwai kwararo mai faɗin mita 2 da aka ƙudura mayarwa titi mai mita 12. Za a ci mita 10 ke nan, 5 daga kowane ɓangare. A gidan Bahaushe, abin da ke cikin mita 5 na farko shi ne dakali da zaure, wani lokaci har da shigifa. Saboda haka katafila ba ta ɗaukar yanki daga gida kamar yadda ake yankar yadi. Tana ɗaukar ainihin ɗakin da ke tsakanin gida da duniya, inda maigida ke karɓar baƙi, inda malam ke zaunar da almajirai, inda ake zaman makoki, inda maɗinki ko dukawa ke sana'a. Abin da ya rage sai tsakar gida tana kallon kwalta. Mai gidan kan ja katangar bulo ya sa ƙyauren ƙarfe, ko ya mayar da gaban shaguna. Diyya, idan an biya, ta ɗakin da aka rushe ce da murabba'in ƙasa. Babu ma'aunin da ke lissafa cewa gidan ya daina aiki irin na da.

Mu da ke nazarin harshe muna ganin sawun wannan a bakin yara. Na sha tambayar ɗalibai 'yan asalin manyan garuruwan Arewa ma'anar shigifa ko indararo ko zanko su yi shiru. Kalma ba ta daɗewa bayan abin da take nufi ya gushe daga ido.

5.0 Hujjar Masu Faɗaɗawa da Yadda Wasu Suka Sassauta

Ba adalci ba ne a yi kamar masu neman faɗi ba su da hujja. Duk wanda ya taɓa ɗauko mai naƙuda da dare daga ƙuryar lungu zuwa bakin titi, ko ya tsaya yana kallon gobara alhali motar 'yan kwana-kwana na can nesa ta rasa mashiga, ya san abin da matsi ke jawowa. Akwai kuma kwasar shara da yashe masai da shimfiɗa bututun ruwa. Ni kaina na taɓa kasancewa cikin masu ɗauke da makara a wani lungu, sai da muka karkata ta kafin ta wuce wata kusurwa. Amma abin da ya tsuke kusurwar nan ba ginin kakanni ba ne. Sokawe ne da matakalar siminti da wani ya fito da su a 'yan shekarun nan. Yawancin matsin da ake kuka da shi a yau irin wannan ne: an ci taku ɗaya lokacin sake katanga, an kafa shago, an ajiye janareto. Tsohon hukunci ya yarda mutum ya amfana da ƙofar gidansa, ya zauna, ya ɗaure dabba, amma bai yarda ya haɗe ta cikin gida ko ya cuci mai wucewa ba.

Tambayar da ta dace ke nan ita ce: mene ne mafi ƙarancin faɗin da zai biya waɗannan buƙatu? Amsar da aka samu a wasu ƙasashe ta yi ƙasa ƙwarai da mita 12.

A Ingila, ƙa'idar gini ta nemi mita 3.7 domin motar kashe gobara. Littafin jagorar tsara titunan unguwa mai suna Manual for Streets, wanda ya fito a 2007, ya bayyana cewa wannan faɗi na wurin da motar za ta tsaya ta yi aiki ne, amma domin wucewa kawai ana iya saukowa zuwa mita 2.75 a gajeriyar tazara, muddin motar za ta iya kusantar gida da mita 45, sauran kuwa mesa ta ƙarasa. Watau ba kowane lungu ne ke buƙatar mota ta shige shi ba. Abin da ake bukata shi ne kada gida ya yi nisa da inda mota za ta iya tsayawa.

Misalin Japan ya fi kusa da halin da muke ciki, don haka ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Dokar ƙa'idojin gini ta 1950 ta ce ba a gini sai a filin da ke jingine da hanya mai faɗin aƙalla mita 4. Da yake biranen ƙasar cike suke da lungunan da ba su kai haka ba, sashe na 42 na dokar ya yi tanadi: tsohon lungu za a ɗauke shi a matsayin hanya, amma duk wanda zai sake gini sai ya ja da baya har mita 2 daga tsakiyar lungun. Ta haka hanya ke faɗaɗa a hankali, gida bayan gida, babu katafila. Sai dai a tsohon birni kamar Kiyoto wannan ma ya zama matsala, domin gidajen katako na gargajiya a jere suke bisa layi ɗaya, kuma duk wanda ya ja baya ya ɓata jerin, wanda ya ƙi ja kuwa ba shi da izinin sabunta gidansa, sai ya bar shi yana ruɓewa. Mafita ta fito daga sakin layi na uku na wannan sashe, wanda ya ba hukuma damar amincewa da faɗin da ya kama daga mita 2.7 zuwa 4 inda yanayin wuri ya tilasta. A 2006 Kiyoto ta yi amfani da wannan dama a kudancin unguwar Giyon, tare da gindaya wa gine-ginen wurin sharuɗɗan kariya daga gobara. An rage abin da ake nema daga hanya, an ƙara abin da ake nema daga gini. Bugu da ƙari, a Japan akwai ƙananan motocin kashe gobara da faɗinsu bai kai mita ɗaya da rabi ba. A birnin Fas na Maroko ma, aikin gyaran tsohon gari da Bankin Duniya ya tallafa daga 1998 ya zaɓi wasu hanyoyi ƙalilan ya gyara su domin ƙananan motocin agaji, ya bar sauran.

Wannan dabara ta rage girman mota maimakon rushe gari ba baƙuwa ba ce a Kano. A-daidaita-sahu, wadda ta zama abin hawan talaka musamman bayan hana acaɓa a 2013, faɗinta kimanin mita 1.3 ne. Guda biyu za su gifta juna cikin zira'i bakwai. Kurar ruwa da amalanke sun daɗe suna shiga inda tanka ba ta shiga. Idan aka ce raƙumin wannan zamani a cikin birni shi ne mai ƙafa uku, to, tsohuwar lamba ba ta tsufa ba.

Wajibi ne a yi wata togaciya a nan. Sassaucin da ake magana na garin da ya riga doka ne. Unguwannin awon igiya da ke ta tsirowa a gefen birane, inda mai gona ke tsuke hanya domin ya ƙara yawan fuloti, ba su da wannan uzuri. Nan ne ainihin inda ya kamata a tsaurara ma'auni tun ba a ɗora tubali ba, kuma nan ne aka fi yin sakaci.

6.0 Ƙauyuka

A ƙauye matsalar ta juya fuska. Ba lungu ake son faɗaɗawa ba, babbar hanya ce ke ratsa tsakiyar gari da faɗinta da gudunta na daji. Hurumin hanyar gwamnatin tarayya mita 45.72 ne daga tsakiyar titi zuwa kowane ɓangare, jimla fiye da mita 91. Akwai ƙananan ƙauyuka da idan aka shimfiɗa wannan awo a tsakiyarsu, masallaci da 'yar kasuwa da bishiyar da dattawa ke zama duk sun faɗa ciki. Waɗanda suka tsira kuma sun rabu biyu, rijiya a wancan ƙetare, makaranta a wannan.

Direba ba allon gefen hanya yake karantawa ba, faɗin da ke gabansa yake karantawa. Idan sahu bai canza ba daga daji zuwa cikin gari, ƙafarsa ma ba za ta canza ba. Shi ya sa mutanen ƙauye, bayan an kaɗe yaro ɗaya ko biyu, kan fito su jera itace ko su gina tudun rage gudu da kansu, wanda shi ma kan jawo wani haɗarin da dare. Sanarwar Stockholm ta 2020 kan kiyaye haɗurra ta nemi a taƙaita gudu zuwa kilomita 30 a awa a duk inda masu ƙafa da motoci ke cakuɗuwa. Hanyar cim ma wannan ita ce ta ma'auni: a tsuke sahu a mashigar gari, a mayar da kafaɗar titi wurin tafiyar masu ƙafa, inda hali ya yi kuma a yi wa manyan motoci hanyar kewaye. Jihar Vermont ta Amurka ta sake ƙa'idojin hanyoyinta a 1997 domin ba da irin wannan sassauci a tsakiyar ƙauyukanta na tarihi.

Burtali kuwa akasin haka yake buƙata. Shi kullum tsukewa yake yi, kowace damina garma na cin taku ɗaya daga gefensa, har garke ya rasa wurin bi sai cikin shuka, abin da ke biyo baya kuma sananne ne. Gyaran ma'auni a nan yana nufin a tsayar da faɗi a kafa alama. Ashe maganar ba ta son ƙunci ba ce ko son faɗi, ta dacewar awo da mai bin hanya ce.

7.0 Suna a Cikin Doka

Ikon yin wannan gyara ba shi da nisa. A 2003, a shari'ar da Jihar Legas ta shigar da gwamnatin tarayya, Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Saboda haka babu abin da zai hana wata jiha ta ware cikin ganuwa ko tsakiyar tsohon gari a matsayin yanki na musamman mai ma'auninsa. Yarjejeniyar Washinton ta 1987 kan kiyaye biranen tarihi ta riga ta shimfiɗa ƙa'idar cewa manyan hanyoyi su kawo mutum bakin tsohon gari, kada su tsaga shi.

Sai dai ba a yanka wa abu ma'auni sai an kira sunansa, kuma a nan ne aikinmu ya shigo. Muddin matakan hanya a doka fassara ce ta matakan Ingilishi, lungu zai ci gaba da zama titin da bai cika ba, watau laifin da ke jiran gyara. Shawarata ita ce a ɗauko matakan daga harshen da kansa. "Titi" ya tsaya a kan hanyar mota mai sahu biyu. "Kwararo" ya zama hanyar unguwa mai ɓullewa wadda za a kiyaye mata aƙalla zira'i bakwai, ita ce kuma hanyar ƙaramar motar agaji. "Lungu" ya zama na ƙafa da kura da makara, kimanin zira'i huɗu, da sharaɗin kada ya yi nisa da kwararo fiye da tsawon mesa. Kalmar "hurumi", wadda asalinta Larabci ne kuma ta daɗe a Hausa da ma'anar filin da aka keɓe, ta wadatar wajen kiran faɗin da ba a yarda a yi gini a cikinsa ba. Na san za a ce bambancin lungu da kwararo bai kai haka tsauri a bakin jama'a ba, kuma yana sauyawa daga karin harshe zuwa wani. Gaskiya ne. Amma haka kowace kalmar fannu take farawa, ana ɗauko ta da sako-sakon ma'ana a ɗaure ta.

Abokan aiki masu nazarin Yarabanci da Ibo da Kanuri da Nufanci za su tarar da irin wannan a nasu harsunan. Tsakiyar Ibadan, daga Oja'ba zuwa Bere, cike take da hanyoyin ƙafa da ke bi ta tsakanin gidajen dangi, kuma mazauna wurin suna da yadda suke kiran su. Aikin farko mai sauƙi ne, ɗalibin digiri na biyu ma zai iya: a ɗauki unguwa ɗaya, a bi ta tare da mai unguwa da tef ɗin awo, a rubuta sunan da mutane ke kiran kowace hanya, da faɗinta a inda ta fi tsukewa, da mafi girman abin da ke bin ta. A kuma tambayi tsofaffin magina inda katanga take a da, domin su ne suka san wace kusurwa ce ta asali, wacce ce kuma aka ci daga baya.